Dabino a Gonar Aro

Litinin, 20 ga Afrilu 1936, bayan la'asar

Yau Malam Idirisu ya zo gona, shi da Sale, kawun marayun da yake riƙo. Ina cikin ban-ruwa na hango su, Malam a gaba da sandarsa, Sale a baya yana hura hanci. Muka gaisa, doguwar gaisuwa irin wadda ake yi in da magana a bayanta.

Malam bai dubi dabinon ba. Dutse ya duba, ya ce, "Barau, shekara nawa ke nan da na ara maka gonar nan?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, bana bakwai."

Ya ce, "To ka san ba tawa ba ce. Ta 'ya'yan ƙanena ce, Allah ya ji ƙansa, amana ce a hannuna. Ka kuma san ba a dasa itace a gonar aro."

Na sani mana, wa bai sani ba? Gero kai ke shukawa, ka girbe, ka kama gabanka. Itace kuwa zama yake yi, bayan shekara talatin jikokinka su ce ai kakanmu ne ya dasa, gona tamu ce. Da idona na ga an raba mutane da gadonsu ta haka.

Sale ya ce a tumɓuke shi yau ɗin nan. Malam ya ce a'a, an ba ni zuwa ruwan shuka. In ruwa ya sauka dabinon yana tsaye, za a karɓe gonar, a toshe hanyar hawa dutse da ƙaya, ni da iyalina ba mai sake taka wurin.

Bari in rubuta yadda wurin yake, ko wani zai karanta wata rana. Gonar tana gindin Dutsen Kurciya, tafiyar hantsi daga garin Dutse. A jikin dutsen akwai ɗan kogo, a ciki na ajiye mutum-mutumin Uwarmu Maryamu, fari, tsawon kamu ɗaya, wanda Fada, limamin cocinmu, ya ba ni a Kano ranar da ya naɗa ni katikis, wato mai koyar da addini. Nan muke addu'a, tunda ba mu da coci. Babu hanyar zuwa kogon sai ta cikin gonar. Dabinon yana ƙasan kogon, a bakin gona, ya kawo mini gwiwa, ganyensa biyar. A watan Maris na dasa shi.

Malam ya san abin da ke gefen dabinon. Da daginsa aka yi haƙan.

Talata, 21 ga Afrilu, asuba

Tulu biyu da safe, tulu biyu da yamma. Gabas fes, babu hadari.

Alhamis, 23 ga Afrilu, azahar

Rana ta take, na gudo cikin kogo. Nan kullum da sanyi, kuma akwai wani tsagi a bango da ke jiƙe ko a tsakiyar bazara, ruwa na tsattsafowa kaɗan-kaɗan, bai cika ludayi a yini ba. Kurciyoyi ne ke sha. Daga nan in ka dubi ƙasa sai ka ga ƙawalwalniya ta kwanta bisa gonaki kamar tafki, giginyu na iyo a ciki. Na daɗe ina kallo har na manta ko ina nake.

A kan falalen dutsen da ke cikin kogon nan 'yata take zama. Ta kan jera tsakuwa a gaban Uwarmu ta ce tuwo ta yi mata, ta kuma yi mata faɗa in ba ta ci ba.

Na ga tun da na fara wannan littafi ban rubuta sunanta ba. 'Yar fari ce, kuma ba a kiran sunan 'yar fari. Ubana har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunan yayana ba, "kai wancan" yake ce masa. Na bar tsafin gidanmu, na karɓi baftisma, na koyi boko a hannun Fada lokacin da nake leburan layin dogo, amma wannan kunyar ta biyo ni har gaban bagaden coci. Shekara shida ina ce mata "ke", in ba ta wurin in ce "yarinyar nan". Ranar baftismarta ma matata Larai ce ta faɗa wa Fada sunan, ni ina ta kallon rufin ɗaki.

Ciwon da ya ratsa ƙauyukan nan a watan Maris ya shiga gidaje da yawa, ba namu kaɗai ba. Kwana uku ta yi a kwance, ta rasu. Dangina suka ce wanda ya bar hanyar gida ya nemi ƙasar da za ta karɓi nasa. Maƙabartar gari kuwa ta Musulmi ce. Ina tsaye a ƙofar gida ban san gabas ba ban san yamma ba, sai ga Malam da dagi a hannu, ya ce mu je gindin dutse. Matarsa Inna Hauwa'u ta shiga wurin Larai ta taya ta abin da mata ke yi. Iyakar abin da zan iya rubutawa ke nan.

Lahadi, 26 ga Afrilu, yamma

Baƙi muka yi. Mutum tara daga Ringim, ma'aikatan layin dogo da matansu, 'yan Kudu, Kiristoci irinmu. Kwana biyu suka yi a hanya, ƙafafunsu duk sun kumbura. Da hantsi na gan su suna fitowa daga cikin ƙawalwalniya a jere, da fararen kaya, ban ga ƙafafunsu suna taɓa ƙasa ba sai da suka matso. Na ɗauka zafi ne ya juya mini kai.

Wata mata a cikinsu, babba, mai Hausar tasha, ta kama hannuna biyu ta ce, "Katikis, ina itace da ya fito dare ɗaya?"

Na ce wane itace? Ta ce ai labari ya cika Ringim. Wai wata yarinya ta ga Uwarmu a bakin kogo, Uwarmu ta kira ta, ta tafi da ita, a inda yarinyar ta tsaya kuma dabino ya tsiro kafin gari ya waye.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce da hannun nan na dasa shi, ga kanta a tafin hannuna ku gani, kuma tulu huɗu nake ba shi kullum, in da abin al'ajabi ne da ya nemi ruwansa da kansa. Suka yi ta gyaɗa kai suna murmushi, wai tawali'u ne ya yi mini yawa. Ni Barau, mai tawali'u! Da Larai na magana da ni da ta yi dariya.

Gaskiyar da ke cikin labarin ɗaya ce. A rana ta biyu da kwanciyarta, cikin zafin jiki, yarinyar nan ta ce matar kogo tana kiranta ta zo ta ci tuwonta. Larai ta faɗa wa wata mai sayar da manja a kasuwa, daga nan maganar ta hau jirgi.

Duk da haka muka ja carbi tare. Shekara bakwai muryata da ta Larai kaɗai kogon nan ya sani, sai ta uku ƙarama. Da mutum goma sha ɗaya suka amsa addu'a sai dutsen ya ɗauka ya maimaita, kurciyoyi suka tashi gaba ɗaya.

Litinin, 27 ga Afrilu, hantsi

Na ba baƙin wasiƙa su sa a jirgin Kano, zuwa ga Fada. Da suke saukowa Sale yana tsaye a kan iyaka, hannu a baya, yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya.

Laraba, 29 ga Afrilu, la'asar

Tun watan Maris Larai ba ta ce mini uffan ba. Ba fushi na ihu ba. Tana ajiye tuwo, tana ɗauke kwano, tana wanke rigata. In na tafi ban-ruwa da safe sai in tarar da ƙasar a jiƙe, ta riga ni. Ni ma ban daina nawa tulun ba, don haka itacen nan ya fi dagaci shan ruwa.

Daga garkar Malam ɗan dabinon ya fito. Akwai wata uwar dabino a can, doguwa, mai zaƙin 'ya'ya, a gindinta yarinyar nan ke tsintar waɗanda suka faɗo, Inna Hauwa'u tana yi kamar ba ta gani. Ranar kwana bakwai Inna ta sa aka ɓalle ɗan da ya tsiro a gindin uwar, ta naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma ta kawo wa Larai. Ba ta ce a dasa a ina ba. Mu ma ba mu tambaya ba.

Mutane suna cewa baƙin ciki ne ya mantar da Barau al'ada. Ina barinsu su faɗa, don ya fi daɗin ji. A littafin nan dai zan faɗi gaskiya, ban manta ba. Ina haƙa ramin ina sane. Tudun kabari damina biyu ke shafe shi, in aro ya ƙare wani ya zo da garma bai san komai ba. Na so in kafa abin da ba ya gogewa. Ashe abin da Sale ke tsoro shi na yi niyya, sai dai ni ba gonar nake so ba, taki uku kawai.

Juma'a, 1 ga Mayu, asuba

Watan Uwarmu ya kama. Tulu biyu. Gabas fes.

Lahadi, 3 ga Mayu, almuru

Yau sun fi ashirin. Har da wani tsoho da aka ɗauko a kan jaki, da wasu Maguzawa biyu daga wajen Kiyawa da suka ce su dai sun ji ana samun sauƙi a nan. Kyandir ya cika bakin kogo. Ruwan tsagin da bai ishi kurciya ba, shi suke dangwala da yatsa suna shafa wa goshi.

Ina sama ina karanta musu addu'a sai na leƙa ƙasa na ga wata mata durƙushe a gaban dabinon tana yagar ganye, wai za ta kai wa ɗanta mara lafiya. Ban san lokacin da na sauko ba. Abin da na faɗa mata bai dace da bakin katikis ba, Allah ya yafe mini. Ta yi ta kuka, ganyen yana hannunta, ta rasa ko ta mayar ko ta tafi da shi. Larai ce ta zo ta naɗe mata yatsu a kansa, ta raka ta har hanya.

Ganye huɗu ya rage. Na kewaye shi da ƙaya. Da na gama na tsaya na dubi aikina, sai na ga ni ne na fara kawo ƙaya wurin nan, ba Sale ba.

Talata, 5 ga Mayu, bayan azahar

Barci ya sace ni a kogo da rana tsaka. Na ga dabinon ya yi tsawo har ya wuce bakin kogo, nonnansa sun sunkuyo jajawur. Na ga mutane suna hawowa, ba iyaka, daga Ringim, daga Kano, daga inda ban sani ba, suna waƙa da harsunan da ban taɓa ji ba, hanya ta faɗaɗa har amalanke zai bi. Wata budurwa tana zaune a kan falalen tana raba musu dabino daga faifai, faifan ba ya ƙarewa. Na shiga layi. Da na iso ta ɗago ta dube ni, haƙorinta na gaba da ya faɗi ya fito. Ta ce, "Wa za a ce ya zo?" Na ce ni ne. Ta ce, "Wurin wa ka zo?" Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Ta miƙa wa na bayana.

Na farka kurciya tana shan ruwa kusa da kunnena. Har yanzu ina jin ƙanshin dabinon.

Juma'a, 8 ga Mayu, hantsi

Na haɗu da Sale a rijiya. Na so in wuce, ya tare ni.

Ya ce, "Barau, kana ganina kamar mugu. Huseina da ƙaninta 'ya'yan ƙanwata ne, ba su da komai a duniya sai gonar nan. Yau kyandir, gobe rumfa, jibi gini. Nasara a bayanku yake. In suka girma suka ce Kawu ina gonar ubanmu, in nuna musu me? Coci?"

Na ce ni ban roƙi gona ba.

Ya ce, "Kai ba ka roƙa ba. Itacen zai roƙa maka."

Abin da ya fi ba ni haushi da Sale shi ne yana da gaskiya, ga shi kuma da faɗinta da ƙarfi.

Lahadi, 10 ga Mayu, yamma

'Yan Ringim sun kawo amsar Fada. Ya ce ya yi mana addu'a. Ya ce gwamnati ba ta yarda mu kafa komai a ƙasar sarakuna ba, kada in jawo fitina da maƙwabta masu kirki. In tumɓuke itacen, in ma ta kama in ɗauke Uwarmu in kai ta gida, don ba dutse muke bauta wa ba. Ya ce itace itace ne kawai.

Mutumin kirki ne Fada, shi ya koya mini riƙe alƙalamin nan. Amma bai taɓa shuka ko kuɓewa ba.

Talata, 12 ga Mayu, hantsi

Na tafi da dagi da sassafe, kafin Larai. Na ce wa kaina in na cire shi da hannuna hanya za ta zauna, mu ci gaba da zuwa, in sa dutse a wurin, dutse ai ba itace ba ne. Na janye ƙaya, na sara sau uku. Sai ga saiwa, farare, sirara kamar zare, sababbi. Duk sun karkata gefe ɗaya, gefen da na sani.

Na mayar da ƙasa, na danna da tafin hannu. Na zauna har rana ta ƙona mini ƙeya.

Laraba, 13 ga Mayu, asuba

Tulu biyu. Wani ɗan gajimare a gabas, ya watse kafin hantsi.

Alhamis, 14 ga Mayu, bayan la'asar

Na je wurin Malam. Yana zaure shi kaɗai yana feƙe alƙalami. Na tuɓe takalmi na durƙusa, na ce ban zo da hujja ba, roƙo na zo.

Ya ce, "Da tawa ce, Barau, wallahi da tuni na ce ka riƙe. Ubanka Gaji ya taɓa fid da ni daga rafi ina yaro, ban manta ba. Amma dukiyar maraya wuta ce. Ranar da za a tambaye ni, me zan ce? In ce na ji tausayin maƙwabcina sai na yi kyauta da abin da ba nawa ba?"

Na ce to a yanke mini taki uku, in yi wa marayun noma har ƙarshen raina. Ya ce ba shi da ikon yanke ko taki ɗaya sai sun girma sun faɗa da bakinsu.

Can ya ce mutanen da ke zuwa, me suke nema a kogon? Na ce abin da kowa ke nema, lafiya, haihuwa, wani kuma ya samu inda zai yi kuka. Ya ce hanyarmu ba ɗaya ba ce, kuma ba zai ce mini ta yi daidai ba, amma Nana Maryamu ba baƙuwa ba ce a gidan nan, sura guda gare ta a Alƙur'ani. Sai ya tambaye ni ko dabinon ya kama. Na ce ya yi saiwa. Ya ajiye wuƙar ya daɗe yana kallon ƙofa.

Da zan tafi ya ambaci yarinyar nan da sunanta, ya ce har yanzu in dabino ya faɗo a garka Inna ba ta bari a share. Na sunkuyar da kai na fita kamar ban ji ba.

Asabar, 16 ga Mayu, hantsi

Larai ta yi magana.

Na tarar da ita a gindin dabinon, ta ga inda na sara. Ba ta juyo ba ta ce, "Maigida, ashe har ka fara."

Na ce na fasa. Na shiga yi mata bayanin aro da amana da wasiƙar Fada, ina ta zuba, don daɗin jin muryarta ya ruɗe ni.

Ta ce, "Ni ba itace ne ya hana ni magana ba. Rana ta uku, da ka fita neman sassaƙe, ta buɗe ido ta ce mini, Inna, Baba kuwa ya san sunana? Na ce ya sani mana, kunya ce. Ta ce kunyar me, ai ba kowa a ɗakin." Larai ta juyo ta dube ni. "Ka dawo da sassaƙenka ka tsaya a kanta ka ce, ke, tashi ki sha. Ta mutu tana ke. Ka bar gidan ubanka da komai nasa, wannan ɗaya ce ta gagare ka bari?"

Ta ɗauki tulunta ta tafi. Ban bi ta ba.

Lahadi, 17 ga Mayu

Sun zo. Ban ƙirga ba. Wani ya ja musu addu'ar.

Litinin, 18 ga Mayu, almuru

Hadari ya haɗu a gabas tun la'asar, baƙi ƙirin, ya yi ta gurnani. Iska ta taso ta kwantar da ganyen nan huɗu har ƙasa. Duk ƙauye suna waje suna roƙon ya sauka, iri yana cikin ƙwarya. Ni kaɗai ne manomi a ƙasar Dutse da ke roƙon kada a yi ruwa, kuma na ji kunyar kaina. Ya wuce yamma bai zubar ba.

Talata, 19 ga Mayu, la'asar

Ya sauka. Ina cikin kogo ina kallo. Ruwa yana gangarowa ta jikin dutse ya rufe bakin kogon kamar asabari, ta cikinsa nake hango dabinon yana rawa. Ƙanshin ƙasa ya cika ko'ina. Ta kan fita tsirara cikin ruwan fari tana tsalle, in ce ke, shigo.

Laraba, 20 ga Mayu, azahar

Da hantsi suka zo, kowa ya bar shukarsa. Malam, da Sale, da wakilin dagaci, da dattawa uku. Inna Hauwa'u tana nesa kaɗan da lulluɓi, Larai a gefenta. Malam ne ke riƙe da dagi, wancan dagin.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ban iya ba. A karɓi gonar."

Ya ce, "Matsa."

Ya naɗe hannun riga ya durƙusa cikin laka, mutumin da ya haura sittin. Sale ya ce a kawo ya yi, Malam ya ce ba aikinsa ba ne. Ya fara haƙa nesa da gindin, yana zagayawa a hankali, inda ya ga saiwa sai ya ajiye dagi ya sa yatsu. An daɗe. Daga ƙarshe ya sa hannu biyu ya ɗago shi da ƙasarsa dunƙule, ya miƙe tsaye yana haki, laka har gemu.

Ya ce, "Jama'a, itacen da Barau ya dasa a gonar aro, kun shaida an tumɓuke shi?"

Suka ce, "Mun shaida."

"Sale, ka shaida?"

"Na shaida, Malam."

Na ɗauka zai jefar da shi bayan iyaka. Sai ya sake durƙusawa, ya yi bisimilla, ya mayar da shi cikin ramin da ya fito, ya tura ƙasa ya danna.

Ya ce, "To ku shaida kuma. Ni Idirisu, mai riƙon marayu, yau na dasa dabino a gonar marayu, daga irin garkata. Itacen Huseina ne da ƙaninta, 'ya'yansa nasu ne, Barau ba shi da ko ƙwallo ɗaya sai in sun ba shi. Shi mai ban-ruwa ne kawai. Masu zuwa dutse su bi gefe su wuce, ba rumfa, ba gini, har yaran su girma su yanke da kansu."

Sale ya dubi wakilin dagaci, wakilin ya ce shi dai bai taɓa jin an hana mai gona dasa itace a gonarsa ba. Sale ya ce to, marayu sun samu dabino, shi ba shi da ta cewa.

Na ɗauka an gama. Malam yana goge hannu da ciyawa sai ya ce, "Saura ɗaya. Ni tsoho ne, waɗannan ma haka. Gobe wani zai zo da garma. Dole shaidu su ji ko wa ke kwance a nan, daga bakin mai ita, su faɗa wa 'ya'yansu. Barau, wa ke nan?"

Na ce 'yata ce.

Ya ce, "Shaida ba ta tsayuwa sai da suna."

Dattawan duk suka sunkuyar da kai, don sun san abin da ake nema a wurina, wani ma ya ce Malam a yi masa afuwa, 'yar fari ce. Malam bai janye ba, yana kallona. Ban san ko Inna ce ta kai masa maganar Larai ba, ban kuma tambaya ba. Na dubi Larai. Ta yaye mayafi daga fuskarta tana jira.

Na faɗa. Da farko bai fito ba sosai, Malam ya ce bai ji ba, kunnensa ya tsufa. Sai na faɗa da ƙarfi, har dutsen ya maimaita.

Sai gobe.

Alhamis, 21 ga Mayu, asuba

Alheri. Sunanta Alheri.

Shekararta shida da wata huɗu. Ba ta son miyar kuka, tana tsoron jaki, ta iya yin fito da yatsa biyu a baki fiye da kowane namiji a ƙauyen nan. Alheri 'yata.

Ganyen ya ɗan yi yaushi, Inna ta ce haka yake yi in an motsa shi, a ba shi kwana goma. Ƙasa a jiƙe take, ba ya bukatar ruwa yau. Duk da haka Larai ta tashe ni ta ce mu je, ta miƙo mini tulu ɗaya ta ɗauki ɗaya.